Taswirar Abin da Ido Bai Gani Ba

Ranar 22 ga Nuwamban 2022, a Kolmani da ke kan iyakar Bauchi da Gombe, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar ɗanyen mai. Aka shaida wa 'yan ƙasa cewa a ƙarƙashin wannan daji akwai mai fiye da ganga biliyan 1, ga kuma iskar gas kubik-fit biliyan 500. Wasu suka yi ta murna, wasu suka ce siyasa ce tunda zaɓe ya ƙarato. Tsakanin masu murna da masu musu, kaɗan ne suka tambayi inda adadin ya fito. Ai babu wanda ya sauka kilomita uku ko huɗu cikin ƙasa ya ƙirga ganguna, kuma ita kanta rijiyar mai, can ƙasa, faɗinta bai wuce taƙi guda ba. Irin wannan adadi daga kwamfuta yake fitowa, daga wata siffar ƙarƙashin ƙasa da masana duwatsu suka gina da manhaja. A yau da wuya kamfani ya zuba kuɗi a rijiyar mai ko ramin ma'adinai ba tare da ya fara gina irin wannan siffa ba. Don haka ya kamata mai karatu ya san yadda ake gina ta, da kuma iyakar abin da za ta iya faɗa.

Abu na farko da masani yake dogara da shi shi ne dutsen da ya ɓullo a fili, a gefen tsauni ko a gaɓar kogi. Shi ya sa shimfiɗun duwatsunmu suke ɗauke da sunayen garuruwanmu a littattafan masana: Bima, Gombe, Pindiga, Fika, Gwandu, Dukamaje, Kalambaina. Wanda ya ga yashin Bima ya karkata ya nutse cikin ƙasa a kwarin Gongola yana da dalilin zaton ya ci gaba a can ƙasa. Amma zato ne, sai rijiya ta tabbatar. Idan aka haƙa, ana tattara garin dutsen da ke fitowa, wani lokaci a yanko dutsen ɗungurungum, sannan a zura na'urori su auna halin kowace shimfiɗa. Wannan dabara ta samo asali ne daga 'yan'uwa biyu Faransawa, Conrad da Marcel Schlumberger, waɗanda ma'aikatansu suka fara zura na'urar lantarki cikin rijiyar mai a Pechelbronn a 1927. Bayanin rijiya shi ne mafi gaskiya a duk abin da ake da shi, sai dai ganinta gajere ne. Ba ta san abin da ke mita ashirin daga gefenta ba.

Abin da ke cike giɓin shi ne binciken amsa-kuwwa. Ana girgiza ƙasa da manyan motoci ko da 'yar nakiya a ramuka, sautin ya nutse, ya bugi iyakar shimfiɗu ya dawo, dubban na'urorin da aka jera a daji su naɗa. A nan akwai wani abin lura da yawancin mutane ba su sani ba. Lokaci na'urar take aunawa, wato tsawon lokacin da sautin ya ɗauka ya je ya dawo. Kafin a mayar da lokacin zuwa mita sai an san saurin sauti a kowace shimfiɗa, kuma saurin ya bambanta ƙwarai: a ruwa kusan mita 1,500 ne a daƙiƙa, a dutse mai tauri yakan haura 5,000. Kuskure kaɗan a wannan lissafi yana iya fito da tudu a allon kwamfuta inda babu tudu a ƙasa. Tudun kuwa shi ake nema ruwa a jallo, domin mai bai kai ruwa nauyi ba, sama yake hawa ta cikin kafofin dutse har ya taru a ƙololuwar shimfiɗar da ta gantsare, idan akwai laka mai tauri a samanta da za ta tare shi.

Akwai kuma awon da ake yi daga jirgin sama. Tsakanin 2005 da 2009 an yi shawagi a kusan duk Najeriya ana auna maganaɗisun ƙasa, layi bayan layi, tazarar mita 500, kuma bayanan suna hannun hukumar binciken duwatsu ta ƙasa, NGSA. Wannan awo yana nuna inda dutsen asali, wato wanda shimfiɗun suke zaune a kansa, ya yi zurfi da inda ya matso sama. Mai da ruwa kuwa ba ya ganinsu.

Aikin manhaja shi ne ta haɗa waɗannan gutsattsarin bayanai wuri guda, kowanne a mazauninsa na tsawo da faɗi da zurfi. A harkar mai, wadda ta fi shahara ita ce Petrel, da wani ƙaramin kamfani ya ƙirƙira a Norway a shekarun 1990, kamfanin Schlumberger ya saye a 2002. Masu ma'adinai sun fi amfani da Leapfrog ta ƙasar New Zealand. Akwai GOCAD da ta fito daga jami'a a birnin Nancy na Faransa. Masu ruwa kuma suna da MODFLOW, wadda hukumar binciken duwatsu ta Amurka ta fitar a 1984, kuma kyauta ce har gobe. Yawancinsu tafiyarsu ɗaya ce: masani ya bi hoton amsa-kuwwa ya zana saman kowace shimfiɗa da inda ƙasa ta karye ta goce, manhajar ta yayyanka abin da ke tsakani zuwa ƙananan ɗakuna, sau da yawa miliyoyi, sannan a ba kowane ɗaki halinsa. Yashi ne ko laka? Kafofinsa nawa? Ruwa ne a ciki ko mai?

To, ga inda gizo ke saƙa. Cikin miliyoyin ɗakunan nan, waɗanda rijiya ta ratsa ba su taka kara sun karya ba. Sauran duk ƙiyasi ne. Mai sayen hatsi a Dawanau yakan soka ƙarfe a buhu wuri biyu ko uku, ya duba abin da ya zubo, ya yanke hukunci a kan buhun gaba ɗaya. Idan mai buhun ya zuba iri ɗaya daga ƙasa har sama, hukuncin ya yi daidai. Idan tsakiyar daban ce, sai an je gida. Haka ƙasa take, sai dai buhun nata kilomita ne da yawa. Lissafin da ake cike giɓin da shi ya samo tushe daga Danie Krige, injiniya a ma'adinan zinariya na Afirka ta Kudu, wanda a 1951 ya nuna yadda za a ƙiyasta darajar dutsen da ba a taɓa ba daga samfuran da ke kewaye da shi. Bafaranshe Georges Matheron ya ɗora shi a kan ingantaccen lissafi a shekarun 1960. Tushen maganar mai sauƙi ne, abin da ke kusa ya fi kama da juna a kan abin da ke nesa. Amma a wace tazara kamar take ƙarewa, mita ɗari ko dubu biyu? Ta wace fuska yashin ya miƙe? Mutum ne yake ba manhaja amsar waɗannan, gwargwadon abin da ya yi imani da shi game da tarihin wurin, ko tsohon kogi ne, ko bakin teku, ko tafki.

A 2007 wata masaniya a Birtaniya, Clare Bond, da abokan aikinta suka wallafa sakamakon wani gwaji da ya kamata a karantar da shi a kowane sashen ilimin duwatsu. Sun ƙirƙiri hoton amsa-kuwwa da kwamfuta, wato sun san amsar tun farko, suka ba masana 412 su fassara. Kashi 21 cikin 100 ne kawai suka gano ainihin irin motsin ƙasar da ya haifar da siffar. An kuma lura cewa da yawa sun karkata ga ganin irin tsarin da suka saba aiki da shi. Waɗannan ba 'yan koyo ba ne zalla, akwai ƙwararru a cikinsu. Kowace ɗaya daga cikin fassarorin nan, daidai ce ko kuskure, idan aka shigar da ita manhaja za ta fito da launuka masu ɗaukar ido, a juya ta hagu da dama a gaban shugabannin kamfani ko gwamna. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a lamarin. A da, masani da fensir yake zana taswira, inda bai tabbata ba ya sa ɗige-ɗige da alamar tambaya, mai kallo ya gane nan fa lalube ake. Allon kwamfuta kuwa da kala ɗaya yake shafe abin da aka auna da abin da aka zata. Kyan ɗan maciji ke nan.

Mu koma ga ganga biliyan ɗaya. Ana samun irin wannan adadi ne ta hanyar ninka abubuwa: girman dutsen da ke cikin tarkon, wato tudun da ke tare man, kason da yashi ne mai kyau, kason kafofi a cikin yashin, da kason kafofin da mai ya cika maimakon ruwa. Kowanne ƙiyasi ne. A ce masani ya kyautata zato da kashi 20 cikin 100 a kowane ɗaya daga cikin huɗun nan, abin da ba wanda zai kira ƙarya, to sakamakon ƙarshe zai ninka sau biyu har da ɗoriya. Shi ya sa kamfanin da ya san abin da yake yi ba ya gina siffa ɗaya. Yakan sa kwamfuta ta gina ɗaruruwa, kowacce ta dace da rijiyoyin da ake da su, sannan ya fitar da adadi uku: na ƙasa, wanda kusan tabbas za a samu, na tsakiya, da na sama, wanda sai an yi sa'a. Bayan haka akwai bambanci tsakanin man da ke kwance a dutse da wanda za a iya fitarwa a sayar da riba. A matsakaicin lissafin duniya, kusan sulusi ne kawai yake fitowa. Duk sanda aka ba jama'a adadi guda tilo, haƙƙinsu ne su tambaya: wanne daga cikin ukun ne, na kwance ne ko na fitarwa, kuma rijiya nawa aka dogara da su? Shekara biyu bayan bikin Kolmani, man wurin bai isa kasuwa ba, kuma wannan kaɗai ba ya nuna babu man. Tsakanin gano mai da sayar da shi akwai rijiyoyin tantancewa, kuma kowacce takan tilasta a sake gina siffar.

Tarihin neman mai a Arewa ya isa darasi. Kamfanin mai na ƙasa ya shafe shekaru yana bincike a ɓangaren Borno na kwarin Chadi, ya haƙa rijiya 23, aka ga alamar gas a Wadi da Kinasar, amma ba ta kai ta kasuwa ba. A kwarin Gongola, Shell ta haƙa Kolmani ta farko a 1999 ta sami gas kaɗan, Elf da Chevron suka haƙa Kuzari da Nasara suka tashi a tutar babu. An tsayar da wuraren haƙa waɗannan rijiyoyi ne bisa tsohon salon amsa-kuwwa, wanda ke ba da yanka-yanka masu tazara a tsakaninsu. Sabon salon, mai ɗaukar wuri gaba ɗaya, shi ya ba da damar sake duban Kolmani kafin a fara haƙa ta biyu a Fabrairun 2019. Ke nan ƙarin bayani yana canza hukunci, kuma rijiyar da ta bushe ba ta rufe magana.

Sai dai akwai wata hujja da ake yawan ji a majalisu wadda ba ta da ƙafa, cewa tunda Nijar da Chadi suna da mai, dole mu ma muna da shi. Gaskiya ne kwarurrukan 'yan gida ɗaya ne. Dukkansu sun samu ne lokacin da ƙasa ta tsage yayin rabuwar Afirka da Kudancin Amurka, fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce. Chadi ta fara tura man Doba ta bututu zuwa Kribi a Kamaru a 2003. Nijar ta buɗe matatar Damagaram a 2011 da man Agadem, mai tace ganga 20,000 a rana, kuma a 2024 ta fara fitarwa ta bututun da ya kai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar Benin. Amma samun mai sai abubuwa da dama sun haɗu, kuma a kan lokaci: laka mai ɗauke da ragowar halittu, zafin da zai dafa ta ba tare da ya ƙone ta ba, yashin da zai karɓa, murfin da zai riƙe, sannan tarkon ya riga man zuwa. Yawancin man Agadem yana cikin yashin Sokor ne, wanda laka mai kauri ta lulluɓe. A ɓangaren Borno kuwa rijiyoyi sun ci karo da narkakken dutsen da ya kutsa cikin shimfiɗun ya daskare, kuma zafinsa yana iya mayar da mai gas ko ya lalata shi. Akwai manhajoji irin su PetroMod da aikinsu ke nan, su koma da kwari baya cikin zamani, su bi yadda ya nutse da yadda ya yi zafi, su ƙiyasta yaushe mai ya dahu da inda ya nufa. Ko da su ana faɗuwa. A 1983 manyan kamfanoni suka haƙa rijiyar Mukluk a tekun Alaska bayan kashe fiye da dala biliyan 1. Tarkon na nan yadda aka zana shi, dutsen ma da tabon mai a jikinsa, amma man ya riga ya tsere tun zamanin da.

Wani lokacin kuma kuskuren na rashin zato ne. An daɗe ana ɗaukar cewa da zarar injin ya taɓa dutsen asali, a tsaya, babu komai a ƙasa. A kwarin Bongor na Chadi, kamfanin CNPC na Sin ya sami mai a cikin tsagogin wannan dutsen. Manhaja ba za ta nuna wa mutum abin da shi bai yarda zai iya kasancewa ba.

A ganina, duk da hayaniyar mai, inda wannan ilimi zai fi taɓa rayuwar talaka shi ne ruwa. Ƙasarmu kashi biyu ce ta wannan fuska. A yawancin Kano da Zariya da kudancin Katsina, dutsen asali yana kusa, ruwa kuwa yana maƙale ne a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagoginsa. Shi ya sa mutum zai haƙa burtsatse ya sami ruwa, maƙwabcinsa ya haƙa bayan katanga ya tashi da ƙura. A Borno da Yobe da Sakkwato labarin daban ne. Can shimfiɗun yashi ne masu faɗi. A ƙarƙashin Maiduguri an daɗe da sanin akwai hawa uku na ruwa, na sama da na tsakiya da na ƙasa, kuma da aka fara huda na tsakiyan a ƙarshen shekarun 1950, a wurare da yawa ruwan da kansa yake tsartuwa ba famfo. An bar rijiyoyi da dama suna kwarara dare da rana, ƙarfin ya yi ta raguwa. Ruwan yankin Sakkwato kuma na tarayya ne da Nijar da Mali, abin da aka zuƙa a nan yana shafar can. Tambayoyin da suka dace da MODFLOW ke nan: idan aka ƙara burtsatse ɗari a unguwa, mita nawa ruwan zai sauka a shekara goma? Ina ƙazantar masai da ta majema take gangarawa?

Abin da ake yi yanzu kafin haƙa shi ne safiyo. A kafa ƙarafa a ƙasa, a tura lantarki, a auna yadda ƙasa ke hana shi wucewa, wata ƙaramar manhaja ta fitar da zane. Dabara ce mai amfani, amma tana da rauni sananne: yumɓu mai danshi da yashi mai ruwa suna iya ba da karatu mai kama da juna, kuma tsari biyu mabambanta suna iya haifar da zane ɗaya. Abin da ke warware shubuhar shi ne bayanin rijiyoyin da aka riga aka haƙa a kusa. A nan ne muke asara mai ciwo. Kullum injuna suna huda ƙasa a garuruwanmu, mai injin yana gani da idonsa a mita nawa marmara ta ƙare, ina aka taɓa dutse, ina ruwa ya ɓullo. Ana gamawa ya naɗe kayansa, bayanin ya tafi a kansa. Mai gida ya biya kuɗin binciken da ya fi kowanne inganci, ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Rijiyar da ta bushe ma, wadda ta fi kowacce koyar da darasi, ita aka fi saurin binnewa a manta.

A Birtaniya, hukumar binciken duwatsu tana riƙe da bayanan ramuka fiye da miliyan ɗaya, kuma kowa na iya dubawa a intanet. Holan ta tattara bayanan ramukanta ta gina siffar ƙasarta mai suna GeoTOP, da ɗakuna masu faɗin mita 100 da kaurin rabin mita, har zuwa zurfin mita 50. Ba wata manhajar sirri suka mallaka ba. Rubutawa suka yi, suka ajiye, doka kuma ta tilasta.

Ana yawan kukan tsadar lasisi, kuma kukan gaskiya ne, da dala ake biya, har ɗalibai da yawa sun koma ga kwafin sata. Amma GemPy da aka ƙirƙira a jami'ar Aachen ta Jamus kyauta ce, QGIS kyauta ce, OpendTect ma tana da sigar kyauta. Abin da ɗalibin Zariya ko Bauchi ko Maiduguri ya rasa shi ne bayanan ƙasarsa. A 2018 kamfanin Equinor ya saki duk bayanan filin mai na Volve ga kowa da kowa, don haka ya fi wa ɗalibinmu sauƙi ya koyi ƙarƙashin tekun Norway a kan ya ga bayanan rijiyoyin da aka haƙa a Borno da kuɗin jama'a shekaru talatin da suka wuce. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Kuma waɗannan bayanai ba da kuɗi kaɗai aka saye su ba. A Yulin 2017 'yan Boko Haram suka yi wa tawagar masu binciken mai kwanton ɓauna a yankin Magumeri, aka kashe gomman mutane, ciki har da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri da masu rakiyarsu, aka sace uku da ba a sako su ba sai a Fabrairun 2018. Abin da aka tara da irin wannan tsada bai cancanci ya ruɓe a kabad ba.

Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin 100 na wani ɓangaren ribar kamfanin mai na ƙasa, NNPC, domin bincike a sababbin kwarurruka. Da za a sa sharaɗin cewa bayan wasu shekaru a buɗe bayanan ga jami'o'i, da an sami idanu ɗari suna duban abin da yanzu idanu kaɗan ke gani, kuma gwajin Clare Bond ya nuna amfanin hakan. A ɓangaren ruwa ma gyaran bai buƙatar sabuwar hukuma. Jihohi suna da hukumomin ruwan karkara, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, Kaduna. Gwamnati da ƙungiyoyin agaji da 'yan majalisa su ne manyan masu ba da kwangilar burtsatse, kuma suna iya riƙe kason ƙarshe na kuɗin ɗan kwangila har sai ya miƙa takarda shafi ɗaya: wurin rijiyar da lambobin da kowace waya ke iya bayarwa, abin da aka ratsa a kowace mita uku, zurfin da aka sami ruwa, matakin da ya tsaya, da lita nawa take bayarwa a awa. Idan ta bushe, a biya shi kuɗin takardar duk da haka, domin in ba a biya ba, ba zai kawo rahoton busasshiya ba.